Fatar da Ba a Shafa wa Mai

Lincoln, Nebraska
Janairu

Yaya Marlys,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya sa kina lafiya, ke da Baba da gwiwar nan tasa da ya ƙi kai wa likita. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kafaɗar hagu da ke gunaguni kowace safiya, da tafin hannuna da ya sake salewa shekaranjiya. Kada ki damu, na lafta masa man hantsar saniya, irin na gwangwanin nan da ke kan tagar rumfar shanu a gida. Duk 'yan wasanmu shi suke shafawa. Da Baba zai ji cewa zakarun ƙasar nan da maganin shanu suke jinya, da ya yi dariyar da bai yi ba tun rasuwar Mama.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na manto fatun hannuna na ajiya ranar da na taso bayan Kirsimeti. Ki duba ƙarƙashin gadona, suna cikin 'yar shuɗiyar jaka. Kin san su, waɗanda nake ɗaurawa a wuyan hannu su rufe min tafi kafin in kama dogon ƙarfen da nake lilo a kansa. Za ki gan su sun bushe sun ƙandare, alli ya cinye su, kamar abin da kare ya tono. To haka ake son su. Wata da watanni na yi ina horar da su har suka san hannuna. Ba a shiga gasa da sabuwar fata, kuma waɗanda nake sawa yanzu sun fara tsufa. In suka tsinke kafin gasar ƙasa a watan Yuni ba ni da na canji, na shiga uku.

Ki aiko su yadda suke. Ɗinkin madauri ɗaya ya ɗan kwance, ki bar shi, akwai mai gyara a nan.

Kin ga mujallar kuwa? Sun sa ni a bango ina sama da ƙarfen, hannu a sake, baki buɗe kamar an taka min yatsa. Jiya a shagon wanki wata mata ta tsare ni sai da na sa mata hannu a kwalin sabulu. Ko Baba ya gani? Na san ba zai ce komai ba. Tun ina yaro ina adungure a kan ciyawa har yau da ake ce min zakara, bai taɓa yi min tambaya ko ɗaya a kan wasan nan ba. Ban ma san me ya sa nake tambayarki ba.

Kada ki ce in buga waya. Shi ke ɗauka, ya ce "ga yayarka," ya tafi abinsa.

Ƙaninki,
Arlo

Miles City, Montana
Fabrairu

Auta,

Wasiƙarka ta iso, mun gode Allah da kafaɗar ba ta wuce haka ba. Mu ma lafiya, sai sanyin da ya daskarar da famfon rumfa, da gwiwar Baba da ke nan jiya i yau. Zakaran ƙasa guda ya manta kayan aikinsa a ƙarƙashin gado! Tun kana firamare nake bin bayanka da takalmi ƙafa ɗaya, har yau ban huta ba.

Gyara zama ka sha labari. Na ɗauko jakar na ajiye a teburin kicin, na tafi neman kwali. Kafin in dawo, ba jaka ba Baba. Na leƙa shagonsa na aikin fata na same shi a bencinsa, ya ture sirdin wani makiyayi da ake jira tun kaka, ya sa tabarau yana jujjuya fatunka. Ya ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya ɗinka wannan?" Na ce inji ne, Baba. Ya ce, "A kan wannan zaren yaron yake rataye ransa?" Na ce ai ka ce a bar su yadda suke. Kai ma ka san kunnen da yake juyo min in ba ya son ji.

Arlo, ya warware ɗinkin kaf, ya sake shi da hannu, allura biyu, da zaren kakin da yake ɗinka linzami. Bai taɓa aikin kowa ba har ya gama. Da ya zo kan fatar kanta sai da ya ja tsaki, ya ce ko tsohon takalmi ba a bari ya bushe haka, mutanen birni ba su da tausayin fata. Ya ɗumama man ƙafar shanu da yake shafa wa sirdi ya shafa mata, ya bari ta sha, ya ƙara. Yanzu sun yi laushi tuɓus, suna ƙyalli, ga ƙamshi. Har harufan sunanka ya buga a jikin madaurin.

Maganar mujalla kuwa, bai ce uffan ba. Amma na ga an yanke bangon, kuma ba ni na yanke ba.

Ka rubuto godiya da manyan baƙaƙe don ya karanta da kansa. Kada ka yi min halin naka na "na gani." Mutumin nan bai iya magana ba, da allura yake yin tasa.

Yayarka,
Marlys

Tulsa, a kan hanya
Maris

Baba da Yaya Marlys,

Ina gaishe ku. Lafiyata lau. Muna yawon nuna wasa gari gari, yau muna Tulsa, gobe ban ma san ina ba, shi ya sa kuka ji ni shiru.

Saƙo ya iso. Baba, ban taɓa ganin ɗinki irin wannan ba. Na nuna wa Koci Bertalan, mai horar da mu, ya daɗe yana kallo. Na gode ƙwarai da gaske. Kada ku yi mamaki in kun gan ni a talabijin da tsofaffin. Waɗannan sun fi ƙarfin wasan yau da kullum, na adana su sai babbar rana.

Naku,
Arlo

Miles City
Afrilu

Auta,

Da gaisuwa. Muna lafiya, shanu na ta haihuwa, barci sai dai mu ji labarinsa. In ka ga rubutuna ya karkace, a tsaye nake yi.

Ka san abin da ka jawo kuwa? Baba ya karanta wasiƙarka a bakin ƙofa, ya ninke, ya sa a aljihun gaban riga. Tana nan har yau, sai in zare ta in zan yi wanki in mayar. Ran Lahadi bayan coci na ji shi da kunnena yana ce wa Fasto, "Yarona zai sa aikina ranar gasar ƙasa." Yarona fa ya ce, Arlo. Ba "mai adungure" ba.

Bai tsaya nan ba. Za mu zo Denver kallon gasar. E, ka karanta daidai. Mutumin da bai ƙetare gundumar nan ba tun jana'izar Mama ya canja tayoyin mota, ya roƙi maƙwabci ya duba masa shanu, ya sayi sabuwar malafa. Ya fito da madubin hangen nesan da yake farauta da shi yana gogewa. Na ce Baba me za ka harba a Denver? Ya ce yana so ya ga yadda ɗinkin zai zauna in ka saki nauyinka a kai.

Na shiga ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na daɗe ina jiran ranar da ku biyun nan za ku daina kallon juna ta bayan kaina.

Ka samo mana kujeru kusa da ƙarfen.

Marlys

Lincoln
Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya raya 'yan maruƙa. Na aiko wannan ta shagon abincin dabbobi inda kike aiki don kada ta faɗa hannun Baba. Ki karanta ki yaga. Lafiyata, to, ban sani ba. Tun da wasiƙarki ta zo na kasa zama wuri ɗaya. In zauna in tashi, in fita in dawo, abinci ma a tsaye nake ci.

Yaya, fatun nan sun mutu. Ina buɗe kwalin ƙamshin shagon Baba ya buge ni, na gane abin da ya faru tun ban taɓa su ba. Ba a shafa musu mai. Ko kaɗan. Bushewar nan da ta ba shi haushi ita ce ke kama alli, allin kuma ya kama ƙarfe. Fata mai mai santsi take yi. Ta kuma miƙe, in ta miƙe tana iya naɗe ƙarfen ta cije, hannu ya tsaya cak jiki yana ci gaba da juyawa. Na taɓa ganin haka a kan wani abokin wasanmu. Ƙarar ƙashin har yau tana kunnena.

Bertalan ya daɗe yana kallo, wannan ba ƙarya na yi ba. Abin da ban rubuta ba shi ne abin da ya ce daga baya. Ya ce, "Wanda ya ɗinka wannan gwani ne. Wanda ya shafa mata mai kuwa kashe ka yake so ya yi." Na ce mutum ɗaya ne, kuma ubana ne. Ya sosa ƙeya ya wuce.

Ba abin da ban yi ba. Na binne su a bokitin alli, na binne a garin masara, na wanke da sabulun kwanoni, na shanya a rana. Man nan na Baba ba ya fita, ke ma kin san aikinsa. Duk da haka na ɗaura su na hau ƙarfen da ke kan ramin soson katifa inda muke koyon sabon abu. Juyi na farko mai ƙarfi sai gani na a sama ba ƙarfe a hannu. Na fito na sake hawa, na sake tashi. Bertalan ya fizge su ya ce in ya ƙara ganin su a hannuna in nemi wani koci. Yanzu sababbi na kanti nake horarwa a gurguje, tafuna duk sun yi jina-jina.

"Babbar rana" da na rubuta, nufina ranar da ba za ta taɓa zuwa ba. Na ɗauka zai karanta ya share kamar yadda ya saba. Ina zan san wannan karon zai saurara?

Don Allah ki hana shi zuwa. Ki ce ba kujeru, ki ce gwiwarsa ba za ta jure tafiyar ba. Ko ki faɗa masa a hankali, ke kin san ta inda ake shigarsa. In duk sun gagara, ina ta tunanin ko in sa su kawai. Wasa ɗaya ne, in rage alkafurar da nake sakin ƙarfe a cikinta, ƙila in sha. Ki amsa da wuri.

Arlo

Miles City
Ƙarshen Mayu

Arlo,

Muna lafiya. Na san ka gaji da leƙa akwatin wasiƙa. Ba ɓata amsar ta yi ba, ni ce na rasa abin cewa.

Na yi niyyar faɗa masa. Na shiga shago da maganar a bakina, na same shi yana goge takalman da ya sa ranar aurensu da Mama. Ya ɗago ya ce, "A wurin nan ana cire malafa ne ko ana barin ta?" Sai na ce ana bari, na fito.

Ba zan hana shi zuwa ba, kuma ba zan faɗa masa ba. Ni na gaji da zama 'yar aike tsakanin maza biyu masu baki. Ubanka ne, ka buɗe baki ka gaya masa. Za mu iso kwana ɗaya kafin gasar.

Ɗaya maganar kuwa, saurara da kyau. In ka kuskura ka ɗaura fatun nan don ka faranta wa wani rai, wallahi ko ka sauko da wuyanka lafiya ni zan ƙarasa shi. Mun binne Mama, ya ishe mu. Kana ji na ko?

Marlys

Chicago
Yuli

Yaya Marlys,

Ina gaishe ku, in har ana amsa gaisuwata a gidan. Wannan ce wasiƙa ta uku tun Denver, ban ji ko tari daga wajenku ba. Lafiya dai? Gwiwarsa ce? Ko ke ma kin yi fushi?

Na san na gaza. Kin gan ni a gidan cin abinci ranar da kuka iso, na buɗe baki ya fi a ƙirga, sai in kalli malafar nan in ce a miƙo gishiri. Amma akwai abin da ba ki gani ba, lokacin kina can kina neman inda kuka ajiye mota.

Bayan an rataya min lambar zinariyar, ina fitowa ta bayan fili na same shi tsaye jikin bango, madubin hangen nesa rataye a wuyansa. Ban san yadda ya wuce masu gadi ba. Fatun kantin da na yi wasan da su suna saƙale a hannun jakata. Bai ce barka ba. Ya zare su ya juya, ya bi ɗinkin injin da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya kama hannuwana ya buɗe tafukan, ya daɗe yana kallon inda suka fashe. Rabon da ya riƙe hannuna tun ina ƙarami yana tsallakar da ni titi.

Ya ce, "Babbar ranar ba ta zo ba ke nan."

Na ce, "Baba, bari in yi maka bayani."

Sai ga 'yan jarida sun yanyame mu, wannan ya ja hannun riga, wancan ya tura min abin magana a baki. Wata ta ce, "Wannan ne mahaifin naka? Ku tsaya a ɗauke ku tare!" Ya mayar min da fatun a hannu, ya ce, "Je ka, suna kiranka." Kafin in kuɓuta kun kama hanya.

Yana ganin kunyar aikinsa na ji, ko? Yana ganin na raina ɗinkin ƙauye. Abin da ke hana ni sukuni ke nan.

Nan kuwa sai shagali. Za a sa hotona a kwalin abincin safe na yara. Jiya sun tsayar da ni yini guda ina murmushi da cokali a hannu. Duk inda na shiga sai tafi, kowa na son taɓa lambar. Ni kuma na kasa kwana biyu a gari ɗaya ba tare da na ji kamar na manta wani abu a garin baya ba. Wasan da na yi ran nan ban taɓa yin mai kyansa ba, na dira ƙafafuna ko motsi ba su yi ba, amma ko tuna shi ba na son yi.

Ki rubuto ko zagi ne.

Arlo

Miles City
Agusta

Auta,

Kwantar da hankalinka, ba wanda ya mutu. Muna lafiya, in ka cire hankalin ubanka. Na yi shiru ne don ban san ko dariya zan rubuto maka ko kuka ba.

A hanyar dawowa bai yi magana ba har muka ƙetare Wyoming. Da na ga abin zai kashe ni sai na janye maganata na faɗa masa. Na ce ba ɗinkin ba ne, man ne. Ya ce, "Wane mai?" Na zayyane masa duk abin da ka rubuto. Ya taka birki a gefen titi ya kalle ni ya ce, "Tun kafin a haife ki nake aikin fata. Ba fatar da mai ke lalatawa a duniyar nan. Ku dai ku nemi wata ƙaryar."

Bayan mun dawo na fara jin ƙara a rumfar ciyawa da rana tsaka. Tim! Shiru. Can kuma, tim! Na leƙa. Arlo, ya gitta bututun ƙarfe tsakanin ginshiƙai biyu, ya tara ciyawa a ƙasa. Ya yanka fatu irin naka kala biyu, ɗaya ya shafe da mai, ɗaya ya bari. Ya sato allin makarantar Lahadi ya daka. Ga tsoho da furfura da gwiwa ɗaya, ya hau bokiti ya kama bututu yana lilo. Ina tsaye ya suɓuce ya faɗo ta baya, ƙafafu a sama. Na ce, "Baba! Adungure kake yi?" Ya ce in fita in rufe masa ƙofa.

Haka ya yi ta yi, yau mai mai, gobe busasshiya. Ranar da ya gamsu ya shigo kicin da ciyawa a gashi, ya zauna, ya daɗe bai taɓa kofinsa ba. Sai ya ce, "Da yaron ya sa su fa?" Na ce da yanzu wani zancen ake yi. Ya ce, "Kuma ya yi tunanin sawa?" Ya tashi ya fita, na hango shi ta taga ya dafa shinge, kafaɗunsa suna rawa. Ko a jana'izar Mama ban ga haka ba.

Tun ranar yake shago. Ga kwalin nan, da takardarsa a ciki. Shi ya rubuta da kansa, ya hana ni gyara ko harafi. Akwai abin da ya tambaye ni, na ce ban sani ba. Na sani sarai, gwangwanin ma yana kan taga yana kallonsa kullum. Ka amsa masa kai da kanka.

Yayarka,
Marlys

Arlo,

Ina gaishe ka. Shanu lafiya. An samu ciyawa bana.

Ga fatu. Daga gadon bayan saniya na yanko, inda ba ta miƙewa. Ban shafa musu komai ba. Tun da na fara aikin nan fata ba ta taɓa fita shagona da ƙishirwa ba, sai da na juya baya yayarka ta rufe kwalin. Ka fara gwada su a kan ramin nan naku. In ba su yi ba ka faɗa min kai tsaye, kada ka adana su sai wata babbar rana.

Na ga abin da ka yi a Denver. Da ka saki ƙarfen na sauke madubin, ban iya kallo ba. An ce ka kama.

Abu ɗaya kuma. Tafukana sun sale duka biyu, da ƙyar na ƙarasa ɗinkin. Ban san haka yake da zafi ba. Me kuke shafawa?

Babanka,
Orval